Wai kachalar da ta hana mu noma ce Turawa ke dasawa ana ba su dala? Fashin baƙi kan ciyawar ruwan gishiri

Wai da gaske ne kachala, ciyawar ruwan nan da ta cinye gonakin mutanen Haɗejiya da Nguru, ita ce Turawa ke dasawa a bakin teku har ana biyan su dala a kanta? Tambayar da ta hana guruf ɗinmu na dangi sakat kenan tun makon jiya. Wani ne ya turo bidiyo, ga wasu Turawa nan da takalman roba har gwiwa sun duƙa cikin laka suna dasa wata ciyawa layi-layi kamar masu dashen albasa a bakin Dilimi, an rubuta a ƙasa wai "arzikin da muke ƙonawa a Arewa". Kafin la'asar kowa ya zama masani, wannan ya ce an daɗe ana rufe mu, wancan ya ce shi dama ya san a rina.

Ni dai na yi gum har sai da Kawu ya kira ni. Kawu harkar tattasai da attaruhu yake a Farin Gada, kuma da rani yakan je ɗauko kaya ta wajen Haɗejiya, don haka kachala ba labari ba ce a wurinsa. Ya ce, "Kai ɗan nan, ba kai ne ka yi karatun ƙasa ba? Duba mana abin nan, don akwai wani yaro da ke yawo a kasuwa wai a kawo dubu biyar-biyar na fom, za a yi wa mutum rajistar kabon kiredit na kachala." Na ce, "Kawu, don Allah riƙe kuɗinka tukuna, ba ni kwana biyu."

Amsar dai a'a ce, ba ita ba ce. Amma a'a kaɗai ba ta isar wanda ya riga ya hango dala, shi ya sa na ce bari in zauna in warware abin dalla-dalla.

Wace ciyawa ce a bidiyon?

Na tsayar da bidiyon na jawo hoton kusa. Abin da suke dasawa ba shi da faffaɗan ganye sam, tsinke-tsinke ne a tsaye kamar ka kafa tsintsiyar kwakwa a cikin laka. Wannan siffar wani dangin tsiro ce da masana ke kira Juncus, mu ce junkus don sauƙin baki. Dangi ne babba, iri wajen 300 a duniya, yawancinsu a ruwan daɗi suke zaune, sai 'yan ƙalilan da suka tare a fadamun gishiri na bakin teku, kuma su ne maganarmu.

Gane ta ba ya buƙatar digiri. Karan dawa ko na gero gaɓa-gaɓa ne, kowa ya sani. Karan aya kuma in ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku, ba ya juyawa. Junkus mulmulalliya ce, tana juyawa a hannu kamar fensir, ba gaɓa ko ɗaya, in ka tsaga ta sai ka ga farar totuwa mai laushi a ciki. Ita kuwa kachala ganyenta faffaɗa ne dogo kamar bel, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, sannan ga kan nan nata mai ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero wanda in ya bushe yake fashewa iska ta kwashi irin kamar audugar rimi. Ko dangi ɗaya ba su haɗa ba. Sunan kachala a wurin masana Typha domingensis.

A cikin masu zaman gishirin, wadda ta fi suna ita ce Juncus roemerianus ta kudu maso gabashin Amurka, daga gaɓar Atlantika ta bi ta Fulorida har Tekzas. Mutanen can baƙar allura suke ce mata, saboda daga nesa filin duhu-duhu yake kamar an yi gobara, kuma tsinin ganyen yana huda wando ya taɓa fata. Akwai Juncus maritimus a Turai da bakin Bahar Rum, akwai Juncus rigidus a Masar da ƙasashen Larabawa, sai Juncus kraussii a Afirka ta Kudu da Ostireliya.

Ita kanta fadamar gishirin sai an yi mana bayani, don mu mutanen Jos muna zaune ne a tudun da ya ɗara teku da wajen mita 1,200, da yawanmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Lamingo girma ba. Ruwan teku ba a tsaye yake wuri ɗaya ba, yana cikowa ya hau tudu sannan ya janye, a yawancin wurare sau biyu a kwana ɗaya, kuma wata ne ke jan sa. Lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu cikowar ta fi ƙarfi. To shimfiɗaɗɗen filin lakar da ruwan ke hawa yana sauka, musamman a bakin kogi ko a lungun da igiyar ruwa ba ta da ƙarfi, shi ne fadamar gishiri. Can ƙasa inda ruwa ke rufewa kullum akwai wata ciyawar daban mai suna Spartina, junkus kuma tana ɗan sama, inda ruwan ba ya kaiwa sai an yi babbar cikowa ko guguwa.

A ƙasashe masu zafi irin namu ba ciyawa ce ke riƙe wannan gurbin ba, itatuwan mangurob ne (ba mangwaro ba fa, don wani ya riga ya tambaye ni a guruf). Dajin mangurob na Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka.

Yaya take rayuwa a inda gishiri ke kashe shuka?

Nan ne abin ya fi burge ni. Yanka kabeji ko kokwamba ka barbaɗa gishiri ka ajiye a faranti, ka dawo bayan minti goma, za ka tarar ruwa ya taru a ƙasa ganyen ya yi laƙwas. Gishiri janye ruwa yake daga jikin shuka. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, wato kamar ka zuba cokalin shayi uku a ledar fiya wata guda. Shinkafa ko masara in ka ba ta wannan, ƙishirwa ce za ta kashe ta alhali tana tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa. Wanda ya taɓa zuwa Keana ko Awe a jihar Nasarawa, inda mata ke dafa gishiri, ya ga yadda irin wannan ƙasar ke yin fari, ciyawa sai jefi-jefi. Masu noman rani ma sun san gonar da kanwa ta taso mata.

Junkus tana da dabara biyu. Saiwarta tana tare yawancin gishirin tun daga ƙofa ba ta barin sa ya hau sama, sannan a cikin jikinta tana tara wasu sinadarai da ke sa ruwan jikin nata ya yi kauri, ta yadda gishirin waje ba zai iya zuƙe shi ba. Maƙwabciyarta Spartina ita shanye gishirin take sannan ta fitar da shi ta ganye, har ka ga ƙyalli-ƙyallinsa a jiki.

Matsala ta biyu numfashi. Lakar fadama ba iska a cikinta, baƙa ce wuluk, in ka taka ta sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Saiwa kuma dole ta sha iska. To wannan totuwar da na ce da sauran ƙananan ramuka da ke jikinta su ne bututun da ke kai iska daga sama zuwa saiwa. Ku riƙe wannan maganar ta bututu, za ta dawo in mun zo kan kachala.

Abin dariyar shi ne ba son gishirin take ba. In aka dasa ta a ruwan daɗi ko mai ɗan zartsi kaɗan ta fi yin kyau, irinta ma ba ya tsira sosai sai ruwan sama ya wanke gishirin ƙasa. Kawai dai a wurin ruwan daɗi akwai manyan ciyayi da za su rufe ta su hana ta rana, a wurin gishiri kuma babu mai iya biyo ta. Dole ƙanwar na-ƙi. Da zarar ta samu gindin zama sai ta riƙa yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, saiwa na saƙa saiwa, har lakar ta zama kamar tabarma mai kauri.

Amfanin da ake gani da wanda ba a gani

A KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu sunanta incema, kuma matan Zulu da ita suke saƙa tabarmar kwanciya da matatar giya. Tabarmar tana cikin kayan da amarya ke rabawa dangin miji, kamar dai yadda tamu amaryar ba ta tarewa ba gara. Saboda yawan masu nema, a gandun iSimangaliso da ke Sent Lusiya ba a yanka sai an buɗe lokaci wajen watan Mayu, mata su zo daga nesa da lauje. A Masar samar suke ce mata, tabarmarta ta daɗe tana shimfiɗe a gidaje da masallatai, kuma marubutan zamanin Fir'auna da tsinkenta suke rubutu, su tauna bakin ya yi burushi su tsoma a tawada. Tabarmar tatami ta Japan ma da wata 'yar uwarta ta ruwan daɗi ake saƙa samanta. Talakawan Ingila a da kuwa ɓare ta suke su tsoma totuwar a kitse su kunna a madadin kyandir.

Amma ba don tabarma Turawan bidiyon ke shiga laka ba. Filin junkus yana rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari, saiwar tana riƙe ƙasa kada teku ya cinye, duk cikowar ruwa kuma tsinkayen na tace laka su kwantar da ita, sai ƙasar ta riƙa ɗan tashi a hankali. Ƙananan kifi da jatan lande da ƙaguwa a lungunanta suke girma kafin su fita teku.

Jihar Luwiziyana ta Amurka ce ta ɗanɗana rashin wannan. Daga 1932 zuwa 2016 ta yi asarar ƙasar bakin teku wajen murabba'in kilomita 4,800, ya fi faɗin jihar Legas gaba ɗaya. Dalilan sun haɗa da ganuwar da aka gina wa kogin Misisipi wadda ta hana laka isa fadama, da hanyoyin ruwa da aka yanka don harkar mai da gas, da nitsewar ƙasar kanta, ga teku na ƙara tashi. Da guguwar Katrina ta zo a watan Agustan 2005 sai maganar ta fita daga bakin masana ta shiga bakin kowa. Sannan a Afrilun 2010 rijiyar mai ta Deepwater Horizon ta fashe, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana malala, ya kai har cikin fadamun. A wuraren da man ya yi yawa an lura junkus ta fi Spartina jin jiki kuma ta fi ta jinkirin farfaɗowa, inda saiwa ta mutu kuma gaɓar ta zube. Ba sai mun je nesa ba, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ɓarnar mai a ƙasar Ogoni cewa ya yi gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

To ita kachala daga ina ta faɗo mana?

Ba baƙuwa ba ce, tun can akwai ta a bakin tafkuna, ba ta dai da ƙarfi ne. Abin da ya canza ruwa ne.

A da kogin Haɗejiya cika yake da damina ya malale fadama, da rani kuma ya janye ƙasa ta bushe ƙamas. Manomi ya yi shinkafa, ruwa na ja ya bi danshi ya shuka wani abu, Bafulatani ya kawo shanu, masunci ya kama kifi a kududdufan da suka rage. Kachala ba ta jure wannan bushewar. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai babbar ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara ba yankewa. Ruwa marar zurfi, kwance, ba ya ƙafewa, ga ragowar takin zamani na gangarowa daga gonakin rani, ai an yi wa kachala shimfiɗa an kawo mata fanka. Tana tsira ta tare laka, laka ta toshe hanya, ruwa ya rasa inda zai bi ya karkata ya cinye gonar wani ƙauye alhali wani ƙauyen na gaba ko ɗigo bai samu ba. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga, jan-baki ya samu wurin kwana daga nan ya faɗa wa shinkafa da gero, ga sauro, ga katantanwar da ke kawo tsargiya.

Misalin da ya fi fito da abin fili yana Senegal. A da, da rani ruwan teku kan hauro kogin Senegal ya yi nisa sosai cikin ƙasa. A 1986 aka gama dam ɗin Diama kusa da birnin San Luwi don a tare gishirin a samu noman shinkafa. An samu noman kam. Amma ashe gishirin nan da bushewar rani su ne ke taka wa kachala birki, ana cire su ta mamaye gaɓar kogin ta ɓangaren Senegal da Muritaniya, tsargiya kuma ta ɓarke a garin Rishar Tol. Kachala tana jure ɗan zartsi, amma ruwan teku sosai ba ta iyawa. Kun ga kenan abin da ke raya filin junkus shi ne ke korar kachala, ta ina za su zama abu ɗaya.

Maganar dalar

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa yaron fom ke samun kasuwa. Kowane tsiro yana zuƙar iskar kabon ya gina jikinsa da ita. In ya mutu a tudu sai ya ruɓe iskar ta koma sama. A lakar da ba iska ruɓewar tafiyar hawainiya take, matacciyar saiwa ta yi ta taruwa ana binne ta shekara ɗaruruwa. Kamfanonin da ke fitar da hayaƙi su ne ke biyan kuɗi a kare irin wannan wurin ko a farfaɗo da shi, a rubuta musu cewa sun rage tan kaza. Kabon kiredit ɗin kenan, tan ɗaya kiredit ɗaya.

Sai dai ba kowace fadama ce ake rububinta ba. Fadamar ruwan daɗi irin ta kachala tana binne kabon, amma tana fitar da iskar misen mai yawa, wadda ta fi kabon ɗumama duniya sama da sau 25. Ita ce iskar nan da ke tasowa ɓul-ɓul in ka soka sanda a lakar kududdufi. A fadamar gishiri kuwa akwai wani sinadari a ruwan teku da ke danne ƙwayoyin da ke samar da misen ɗin, don haka lissafinta ya fi fita. Shi ya sa kuɗin suka fi karkata ga fadamar gishiri da mangurob da ciyawar ƙarƙashin teku.

Kuma ko a can ba mutum ɗaya ake kira a miƙa wa dala ba. A ƙauyen Gazi na Kenya akwai shirin Mikoko Pamoja da ya fara a 2013, jama'ar gari ne suka haɗu suna kare mangurob, ana zuwa a auna, a tantance, sannan a sayar, kuɗin kuma su tafi kan ruwan sha da littattafan makaranta. Aiki ne na shekaru, da takardu, da shaidar cewa filin naku ne, da alƙawarin ba za a sare ba. Najeriya tana da dokar sauyin yanayi tun 2021 kuma ana ta maganar kasuwar kabon a Abuja, amma ba wanda zai biya ka don kawai kachala ta cinye maka gona. Hasali ma mai sayen kiredit so yake abin ya zauna daram, kai kuma so kake ta tafi.

Masu cewa a share, masu cewa a ci da ita

Manoma da masunta su dai a cire musu ita, kuma suna da gaskiya, wanda ciyawa ta raba da gonar gado ba ka zo masa da lacca. Ana yin gayya, gwamnatoci sun sayo injinan yanka, ana yasar hanyoyin ruwa. Matsalar ita ce ƙona ta ko sare ta a sama aski ne kawai, saiwar na nan, wata biyu ta dawo. Ga inda bututun nan ya dawo: in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa kuma ruwan ya ci gaba da rufe kututturen, iska ba ta kaiwa saiwa, sai ta shaƙe. Amma ko wannan, in ruwan bai koma cika da janyewa ba, irin da iska ke kwasowa ya isa ya sake cika wurin.

Wasu kuma cewa suke tunda ta ƙi tafiya a ci da ita. A Senegal da Muritaniya ana yin gawayi da ita, ana haɗa ta da laka a yi kayan gini masu hana zafi, a nan gida ma an gwada yin gas ɗin girki da abincin dabbobi. Ni ina ganin wannan ya fi maganar fom hankali sau dubu, kuma in akwai kuɗi a kachala to nan suke. Abin da nake tsoro ɗaya ne, ɗanyar kachala ruwa ce zalla ga nauyi, kuɗin fito da ita daga fadama kaɗai na iya cinye ribar, sannan ranar da ta zama hanyar abincin wasu to an samu masu addu'ar kada ta ƙare.

Masu kare muhalli su ma ana yi musu gurguwar fahimta, ana ɗauka kachalar suke karewa. Dausayin suke karewa. Tafkin Nguru da mashigin Marma shi ne wuri na farko da Najeriya ta sa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta kare dausayi, saboda tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a can, kuma yawancin tsuntsayen nan sararin ruwa suke so, ba dajin kachala ba.

Sai wani ƙanena da ya kawo shawara a guruf wai to a shigo da junkus ɗin mana mu ma mu dasa. Na ce masa ya tambayi mutanen Kalaba. A 1906 aka kawo musu wani kwakwan ruwa mai suna nipa daga Singafo don ya riƙe gaɓa, yau shi ke korar mangurob a gaɓar kudu maso gabas. Chana ta shigo da Spartina daga Amurka a 1979, yanzu maƙudan kuɗi take kashewa tana tumɓuke ta. Ita junkus ɗin ma ba waliyyiya ba ce, akwai wata mai suna Juncus acutus da ta shiga Ostireliya tana danne ta gida. Su Amurkawan da ke dashe yau, kakanninsu ne a shekarun 1930 suka yayyanka akasarin fadamun gishirin arewa maso gabashin ƙasar da lambatu don maganin sauro, sai daga baya aka gane ɓarnar.

Mu da ke Jos, ina ruwanmu?

Ruwanmu kuwa a zahiri, don can yake tafiya. Ruwan da ke sauka a tsaunukan nan ya bi Dilimi, yana cikin wanda ke zama kogin Jama'are, ya ratsa jihar Bauchi, ya haɗu da na Haɗejiya kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Jama'are ba shi da babban dam a kansa, don haka ambaliyar damina ta gaske da ta rage wa wannan dausayin yawancinta daga gare shi take. Shi ya sa maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kansa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shekara da shekaru, mutanen Bauchi na hangen noman rani da aikin yi, na Yobe da Borno na tsoron a yi musu abin da Tiga ya yi. Kowa da hujjarsa, amma duk wanda zai yi wannan muhawarar bai sa kachala a lissafi ba to bai gama lissafi ba.

Ta aljihu ma abin na taɓa mu. Gonar da ciyawa ta cinye a can, buhun tattasai ne da shinkafa da kwalin bandar kifi da bai iso kasuwa ba.

Sannan muna da namu ƙananan fadamun a cikin gari da muke yi wa kallon banza. Ina yaro akwai wani wuri a bayan unguwarmu da ba ya bushewa, muna zuwa kamun fara da tsinkar ciyawa muna busa, in ka taka ƙasar sai ta yi lumɓu-lumɓu kamar katifa. Yanzu an cike shi da jar ƙasa da ɓaraguzai, gidaje ne reras, kuma duk Agusta sai an kwashe katifu an ɗora kan katanga. Ruwan da wurin ke shanyewa a da bai fasa zuwa ba. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Yulin 2012 a Rikkos da Gangare, wadda ta ci rayuka da dama cikin dare ɗaya, sun san ƙarfin ruwan garin nan in ya rasa wurin zama. Kududdufan haƙar kuza na wajen Bukuru da Rayfield su kuma ruwansu kwance yake duk shekara, irin wanda ciyayin ruwa ke so, ga masu lambu na zuba taki a gefe, don haka masu noma a bakinsu su riƙa lura da abin da ke tsirowa tun yana ɗan kaɗan.

Jiya da yamma na bi ta Farin Gada na samu Kawu a kan benci yana lissafi da direba. Na zayyana masa duk wannan, na ce in yaron ya dawo a tambaye shi wa ya zo ya auna filin, wa zai sayi kiredit ɗin, kuma Kawu da ba shi da ko taku ɗaya na fadama a Haɗejiya me za a yi masa rajista a kai. Ya yi shiru yana kaɗa carbi, can ya ce, "To ai ɗan nan, tun kafin in kira ka na riga na ba shi. Na mutum biyu ma, ni da gwaggonka." Lambar yaron tun shekaranjiya a kashe take. Ya ce in Allah ya kai shi Haɗejiya a wannan tafiyar zai tsinko min kachala guda da kanta da saiwarta, in yanka a gaban kyamara in tura guruf, don har yanzu akwai mutum uku da suka ce ba su yarda ba.